An ce attajiran waje za su sayi ƙungiyarmu: mu yi murna ko mu damu?

Wani ɗan'uwa ya turo mini tambaya kamar haka: "Ana ta raɗe-raɗin za a sayar da ƙungiyar ƙwallon ƙafar da nake goyon baya ga wasu attajirai daga ƙasar waje. Wasu abokaina har sun fara murna, wai kakarmu ta yanke saƙa. Wasu kuma na cewa shi ke nan, an sayar da mu. Su wa ke da gaskiya? Kuma me attajiri zai nema a ƙungiyar da kullum ake cewa asara take tafkawa?"

Ɗan'uwa, da masu murnar da masu baƙin cikin duk sun yi gaggawa. Baƙuncin mai saye ba ya nuna maka komai. Baƙo ne daga Tailan ya ɗauko Leicester City daga rukuni na biyu har ta lashe gasar Firimiya a 2016, baƙi ne kuma suka bar Portsmouth ta kasa biyan albashi. Mike Ashley ɗan Ingila ne gaba da baya, amma ranar da ya sayar da Newcastle ga 'yan Saudiyya, magoya baya cika harabar filin wasa suka yi suna rawa. Abin da ya kamata ka bi diddiginsa shi ne kuɗin da za a yi cinikin da su. Na wane ne? Ta wace hanya za su shigo? Ranar da aka zo karɓarsu, wa zai biya? Amsar waɗannan ta fi sunan ƙasar mutumin da yawan dukiyarsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Fara da sanin abin da ake sayarwa. A Ingila da Italiya da Faransa ƙungiya kamfani ce, hannun jarinta ake saye. Kuɗin da ka ji an ambata a labarai aljihun tsohon mai ita suke shiga, ba asusun ƙungiya ba. Idan aka ce an sayi ƙungiya fam biliyan biyu, ko sisin kwabo daga ciki ba zai sayo ɗan wasa ba. Waɗanda ke amfanar ƙungiya su ne kuɗin da sabon mai ita zai ƙara zubawa bayan an gama ciniki. Shi ya sa cinikin Chelsea na watan Mayun 2022 ya rabu gida biyu: fam biliyan 2.5 na hannun jari, sai alkawarin zuba wasu fam biliyan 1.75 a filin wasa da makarantar horar da yara da ƙungiyar mata. Duk lokacin da ka ji adadi, ka tambaya wanne daga cikin biyun ake nufi.

Mafi munin hanyar saye ita ce wadda iyalan Glazer na Amurka suka bi a 2005. A lokacin ba wanda ke bin Manchester United bashi, kuma tana sahun gaba wajen samun kuɗin shiga a duniya. Malcolm Glazer ya saye ta a kan kusan fam miliyan 790, sai dai mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Rance ya ciwo, ya jinginar da kadarorin ƙungiyar da yake ƙoƙarin saye, da cinikin ya faɗa sai ga United da bashin sama da fam miliyan 500 a wuya. Wani kaso na rancen kuɗin ruwansa ya haura kashi 14 cikin ɗari a shekara. Kamar mutum ne ya sayi motar haya da bashi, ya ce direba da fasinjoji su biya, shi kuwa takardun mota na aljihunsa. Ba dokar da ya karya, domin a lokacin babu dokar da ta hana.

Ciwon bai fito da wuri ba saboda Alex Ferguson na nan yana rufa asiri. A ƙarƙashin Glazer ɗin United ta ci Firimiya sau biyar da kofin Zakarun Turai na 2008. Amma daga 2013 da Ferguson ya yi ritaya ba ta sake ɗaga Firimiya ba. Masu bin lissafin ƙungiyar sun ƙiyasta cewa abin da ya fita daga asusunta da sunan kuɗin ruwa da ladan bankuna da ribar masu hannun jari ya haura fam biliyan ɗaya. Ba sai ka iya lissafi ba kafin ka gane inda kuɗin ba su je ba: duk wanda ya ga ruwan sama na kwarara daga rufin Old Trafford yana zuba kan kujerun 'yan kallo ya gani da idonsa. Magoya baya sun yi iya yinsu. Wasu sun ɓalle sun kafa FC United of Manchester tun 2005. A 2010 sun cika filin da mayafai masu kore da ruwan ɗorawa, launin ƙungiyar na asali. A Mayun 2021 sun kutsa cikin fili har aka ɗage wasa da Liverpool. Su Glazer fa? A Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya biya sama da fam biliyan ɗaya a kan abin da ya ɗan haura rubu'in ƙungiyar. Rubu'i kaɗai ya kawo fiye da farashin da aka sayi dukkanta. A wajen mai ƙungiya cinikin ya yi albarka. A wajen ƙungiya labarin daban ne.

Liverpool ta kusa halaka ta wannan hanya. Tom Hicks da George Gillett sun saye ta a 2007 da alkawarin sabon fili, ba su ɗora ko bulo ɗaya ba, kuma zuwa Oktoban 2010 banki na shirin karɓe ƙungiyar saboda bashin da ya haura fam miliyan 200. Sai da aka je kotu kafin aka ƙwace ta daga hannunsu aka sayar wa kamfanin John Henry a kan fam miliyan 300. Lura da kyau: Amurkawa ne suka jefa ta rami, Amurkawa ne kuma suka fito da ita har ta ci Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020 da 2025. Sai a 2023, bayan an sake yi wa Burnley irin wannan ciniki, hukumar Firimiya ta kafa doka cewa rancen da za a sayi ƙungiya da shi kada ya wuce kashi 65 cikin ɗari na darajarta. Ni a ganina har yanzu kason ya yi yawa.

Ɗaya hanyar ita ce ta ubangida mai buɗaɗɗen hannu, kuma ita abokanka masu murna ke hangowa. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003 a kan kusan fam miliyan 140, har da bashin da ke kanta. Ƙungiyar da rabonta da kofin gasar Ingila tun 1955 ta ci Firimiya biyar da Zakarun Turai biyu a zamaninsa. Wannan ba abin da za a yi musu a kai ba ne, kuma duk mai goyon bayan Chelsea da ya ce maka ya yi da-na-sani, ka yi masa kallo na biyu. Amma a littafin lissafi kuɗin ba kyauta ba ne. Rance ne marar ruwa daga mai ƙungiya, ya yi ta taruwa har ya kai kusan fam biliyan 1.5. Ma'anarsa, rayuwar Chelsea ta rataya a kan mutum guda: lafiyarsa, son ransa, da matsayinsa a siyasar duniya.

Ranar 10 ga Maris 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi bayan Rasha ta auka wa Yukren. Washegari zakarar Turai kuma zakarar duniya ta tashi tana aiki da lasisi na musamman daga gwamnati. Ba ta da izinin sayar da sabon tikiti. An rufe kantin sayar da riguna. Ba saye, ba sayarwa, ba sabunta kwantiragi, ana ji ana gani Antonio Rüdiger da Andreas Christensen suka tafi kyauta. Har kuɗin tafiya wasan waje aka ƙayyade mata, fam dubu 20, abin da bai kai hayar jirgi zuwa wasan Turai ba. Chelsea ta tsira saboda abu biyu: Abramovich ya yafe bashin, kuma ƙungiya ce ta Landan mai suna a duniya, masu saye layi suka yi. Cire ɗaya daga cikin biyun nan, sai ka samu labarin Portsmouth.

Portsmouth ta ci kofin FA a 2008 da ƙwallon da Nwankwo Kanu ya zura a ragar Cardiff, tana biyan albashin da ya fi ƙarfin samunta saboda kuɗin mai ita, Alexandre Gaydamak. Da ya ɗauke hannu, a cikin kaka guda ƙungiyar ta ratsa hannun mutum huɗu. Albashi ya riƙa makara. A Fabrairun 2010 ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka miƙa wa masu kula da kamfanonin da suka durƙushe, aka zabtare mata maki 9. Zuwa 2013 tana rukuni na huɗu, kuma magoya baya ne suka yi karo-karo, fam dubu ɗaya kowane hannun jari, suka sayi abin da ya rage. Málaga ta Sifaniya ma haka: Sheikh Abdullah Al Thani na Katar ya saye ta a 2010, ya kawo su Isco da Santi Cazorla, a 2013 saura 'yan mintuna ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai kafin Dortmund ta zura mata biyu a ƙarin lokaci. Kuɗi suka ƙafe, ta faɗi daga La Liga a 2018, a 2023 ta gangara rukuni na uku.

Kada ka ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai abin ke samu. Li Yonghong na China ya sayi AC Milan daga Silvio Berlusconi a 2017 a kan yuro miliyan 740, da rance daga kamfanin Elliott na Amurka. Shekara guda da 'yan watanni ya kasa biyan yuro miliyan 32, Elliott ya karɓe ƙungiyar. Maƙwabciyarta Inter ta lashe gasar Italiya a 2024, a watan Mayun shekarar kamfanin Oaktree ya ƙwace ta daga Suning saboda bashin kusan yuro miliyan 395. Shi Suning ɗin yana da wata ƙungiya a gida China, Jiangsu, wadda ta ci gasar ƙasar a ƙarshen 2020, bayan wata uku ya rufe ta ɗungurungum. Zakarar ƙasa ta ɓace saboda kasuwancin mai ita ya shiga matsi. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, sau da yawa mai ƙungiya na gaskiya ba shi ne wanda aka ɗauki hotonsa riƙe da riga ba, wanda ya ba shi rance ne.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, me suke nema tunda ƙungiyoyi asara suke yi? Gaskiya ce mafi yawansu ba sa cin riba a shekara, albashin 'yan wasa da na dillalansu ke lamushe kuɗin. Amma mai saye ba ribar shekara yake hari ba, farashin ranar sayarwa yake jira. Chelsea ta tashi daga fam miliyan 140 zuwa biliyan 2.5 cikin shekara 19. Liverpool da aka saya fam miliyan 300, mujallar Forbes na ƙiyasta darajarta sama da dala biliyan 5. Dalili shi ne kuɗin talabijin da kuma ƙarancin hajar. Yarjejeniyar farko ta nuna Firimiya a 1992 fam miliyan 304 ce na shekara biyar. Wadda ta fara aiki a 2025 fam biliyan 6.7 ce na shekara huɗu, a cikin Birtaniya kaɗai, ban da abin da sauran duniya ke biya. Ga shi kuma ba a ƙera sabuwar Arsenal ko sabuwar Juventus. Kamfanin waya ko na mota kan rasa abokan cinikinsa idan ya lalace, amma mai goyon bayan ƙungiya ba ya sauya sheƙa, har 'ya'yansa yake gadar wa. Mai zuba jari bai taɓa ganin abokin ciniki mai biyayya irin wannan ba.

Abu ɗaya ne ke hana irin waɗannan masu zuba jari barci: faɗuwa daga gasa. A wasannin Amurka ba a faɗuwa, ko ka zo na ƙarshe kana nan baɗi, shi ya sa darajar ƙungiyoyinsu ba ta girgiza. A Turai kaka guda marar kyau na iya raba ka da mafi yawan kuɗin talabijin. Daga wannan tsoro aka haifi gasar Super League ta Afrilun 2021, inda ƙungiyoyi 12 suka so kafa gasar da ba za a taɓa fitar da su ba. Ba ta yi kwana uku ba ta ruguje saboda magoya baya a Ingila sun fito kan titi, John Henry har ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri. Sai dai a yi adalci: jagororin shirin sun haɗa da Florentino Pérez na Real Madrid da Andrea Agnelli na Juventus, 'yan gida na asali, kuma Chelsea da Manchester City ne suka fara janyewa.

Su kuwa masu kuɗin ƙasa lissafinsu daban. Sheikh Mansour na Abu Dhabi ya sayi Manchester City a 2008, asusun zuba jari na Katar ya sayi Paris Saint-Germain a 2011, asusun Saudiyya ya karɓi kashi 80 cikin ɗari na Newcastle a Oktoban 2021 a cinikin fam miliyan 300 da ɗoriya. Waɗannan ba sa ƙarar da kuɗi, ba sa gaggawar sayarwa, kuma sukan gina abin da zai daɗe. Filin atisaye da makarantar yara da City ta buɗe a 2014 sun sauya fuskar gabashin Manchester. Abin da suke saye shi ne suna da kusanci da manyan Turai da kuma tallata ƙasa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty International na cewa wanke suna ne da ƙwallo, musamman a cinikin Newcastle da ya zo shekara uku bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi. Hukumar Firimiya ta amince da cinikin ne bayan ta ce an ba ta tabbaci a rubuce cewa gwamnatin Saudiyya ba za ta juya ƙungiyar ba, alhali Yarima mai jiran gado ne shugaban asusun. Wannan bayani ban taɓa gamsuwa da shi ba. Ban ga laifin ɗan Newcastle da ya yi kukan daɗi a Maris 2025 da suka ci kofin gida na farko tun 1955 ba. Inda nake da ja shi ne idan mai kallon ƙwallo ya wayi gari ya zama lauyan gwamnatin da bai san komai a kanta ba, don kawai ta sayo masa ɗan gaba. Kowa ya ci ladan kuturu, an ce, sai ya yi masa aski.

Akwai kuma abin da ya kamata ka gaya wa abokanka masu murna: ƙofar da Abramovich da Mansour suka shiga an kusa rufe ta. A 2008 City ta sayi Robinho a ranar da aka sanar da cinikin ba wanda ya tambaye ta lissafi. Daga baya dokar Firimiya ta hana ƙungiya asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin kaka uku, kuma an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024 saboda ita. Hukumar UEFA na son abin da ake kashewa kan 'yan wasa da koci kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. Dabarar da ta rage ita ce kamfanin mai ƙungiya ya ɗauki nauyinta da kuɗin da suka fi ƙima, ita ma wata biyu bayan cinikin Newcastle aka kafa dokar tantance ta. Zarge-zarge 115 da hukumar Firimiya ta yi wa City a Fabrairun 2023, waɗanda City ta musanta, da yawansu a kan irin wannan lissafi suke. Sakamakon? Newcastle, mai mafi arzikin masu ƙungiya a duniya, a ƙarshen Yunin 2024 sai da ta yi gaggawar sayar da Elliot Anderson da Yankuba Minteh don kada a cire mata maki.

Dalilin da ya sa Anderson ne aka sayar, yaron da ya tashi a ƙungiyar tun yana ƙarami, yana cikin yadda ake rubuta lissafi. Idan ka sayi ɗan wasa fam miliyan 100 da kwantiragin shekara biyar, miliyan 20 kawai ake rubutawa a matsayin abin da ka kashe kowace shekara. Ka ba shi shekara takwas, sai ya koma miliyan 12.5. Abin da sababbin masu Chelsea suka yi ke nan da Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk, har hukumomi suka ƙayyade rabon a shekara biyar. Shi kuwa yaron gida ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa da ake rubutawa nan take. Haka Mason Mount da Conor Gallagher suka bar Chelsea. Idan mai saye ya zo da ƙishirwar kashe kuɗi, yaran da kuka raina su ne na farkon shiga kasuwa.

Idan ƙungiyarka ba ta cikin manya, ga wata tambaya: mai sayen yana da wasu ƙungiyoyin? Idan yana da su, ƙungiyarka ce uwar gida ko 'yar aike? Magoya bayan Strasbourg a Faransa sun yi ta zanga-zanga tun da masu Chelsea suka saye ta a 2023, don suna ganin an mayar da su wurin renon 'yan wasan wani. Crystal Palace kuwa ta ci kofin FA a 2025, babban kofinta na farko a tarihi, ta cancanci gasar Europa, amma UEFA ta mayar da ita gasar ƙasa da wannan saboda John Textor na da babban kaso a cikinta kuma shi ke da Lyon, wadda ita ma ta samu gurbi. 'Yan wasa sun yi aikinsu a fili, takardar hannun jari ta ƙwace musu.

Batun taɓa launi da suna ba sai na daɗe a kai ba. Vincent Tan na Malesiya ya sauya rigar Cardiff daga shuɗi zuwa ja a 2012, dole ta sa ya mayar a 2015. Assem Allam ya so sauya sunan Hull City, hukumar FA ta ƙi. Irin wannan a fili yake, kowa na gani, shi ya sa ake iya yaƙarsa. Na cikin littafin lissafi ne ke kisa a ɓoye.

Za ka ji ana cewa Jamus ta warware matsalar da dokar 50+1 ta 1998, wadda ta tilasta mafi rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobin ƙungiya. Ina ganin ƙimarta. Ko Bayern Munich kashi 75 cikin ɗari na mambobi ne, Adidas da Audi da Allianz suka raba sauran. Tikiti na da sauƙi, filaye na cika, kuma a Fabrairun 2024 magoya baya sun yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili har hukumar gasar ta fasa sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin. Amma tana da farashi. Tunda ba attajirin da zai iya ɗaga ƙaramar ƙungiya, Bayern ta ci gasar sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, kuma wadda ta katse ta, Bayer Leverkusen, ta kamfani ce da dokar ta yi wa togaciya. Red Bull ma ya zagaye dokar ta hanyar kafa RB Leipzig a 2009 da 'yan tsirarun mambobi masu ƙuri'a. Barcelona ta mambobi ce ɗari bisa ɗari, duk da haka zaɓaɓɓun shugabanninta suka tara mata bashin sama da yuro biliyan ɗaya har ta kasa riƙe Lionel Messi a 2021.

To, idan raɗe-raɗin ya tabbata, ka manta da jerin 'yan wasan da jaridu za su ce za a sayo. Nemi sanin ko an ci rance don cinikin, kuma me aka jinginar. Nemi sanin ko kuɗin da zai zuba hannun jari ne ko rance, domin hannun jari ba a dawo da shi, rance kuwa ana iya nemansa ko da wane lokaci. Iyalan Vichai Srivaddhanaprabha, baƙon nan na Tailan, sun mayar da rancen fam miliyan 194 da suke bin Leicester hannun jari a 2023, shi ya sa faɗuwarta daga Firimiya ba ta zama durƙushewa ba. Duba sauran ƙungiyoyin da ya taɓa riƙewa, ka ji me magoya bayansu ke cewa. Idan kamfanin jujjuya kuɗin wasu ne, ka sani masu kuɗin na jiran a dawo musu da su da riba cikin 'yan shekaru, wato za a sake sayar da ku. A Ingila ana ajiye lissafin kowace ƙungiya duk shekara a ofishin rajistar kamfanoni, kowa na iya buɗewa a intanet kyauta, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta binciki tushen dukiyar mai saye.

Fiye da komai, ka sa ido a kan filin wasa. Dejphon Chansiri ya sayar da filin Hillsborough na Sheffield Wednesday ga wani kamfaninsa a kan fam miliyan 60 don gyara lissafi, ƙungiyar ta koma 'yar haya a gidanta, kuma a Oktoban 2025 ta durƙushe bayan watannin makarar albashi. Ƙungiyar da aka raba da filinta wuyar sayarwa gare ta, don mai saye sai ya yi ciniki biyu da mutumin da ya lalata ta. Chelsea ta tsallake wannan tun shekarun 1990, lokacin da shugabanta Ken Bates ya damƙa mallakar ƙasar da ake wasa a kanta a Stamford Bridge, haɗe da sunan ƙungiyar, ga wani kamfani na dubban magoya baya, inda komai yawan hannun jarin mutum ƙuri'unsa ƙayyadaddu ne. A Oktoban 2011 Abramovich ya nemi su sayar masa don ya samu damar ƙaura zuwa sabon fili. Yana buƙatar kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u, ya samu kusan 62. Filin na hannunsu har yau, kuma su Todd Boehly da suka sayi ƙungiyar a 2022 ma sai da yardarsu za su iya motsawa. Idan ƙungiyarka na da haɗaɗɗiyar ƙungiyar magoya baya, irin wannan sharaɗi ya kamata su nema a rubuta kafin a sa hannu, lokacin da mai saye ke neman a karɓe shi.